Kwana a Bakin Tafki Daga Gwashi Zuwa Bakolori: Abin da Waya Za Ta Iya Yi Maka da Wanda Ba Za Ta Iya Ba

Duk mai yawan leƙa YouTube ko TikTok ya taɓa cin karo da bidiyon Turawan nan masu kwana a bakin tafki. An faka doguwar mota mai gado da kicin da banɗaki a ciki, an kafa tanti a gefe, an jona waya a soket kamar ana tsakiyar gari. Amurkawa na kiran irin wannan mota RV. Matashin da ke kallo daga Gummi ko Anka, wanda ya ga tanti da fawa bank da farantin sola a kasuwannin intanet, dole ya tambayi kansa ko akwai inda zai yi irin wannan a kusa da gida.

A tsakanin Gwashi, Bukkuyum, Anka da Gummi babu sansanin shaƙatawa irin na bidiyon, wanda ake biyan kuɗi a ba mutum fili mai lamba. Amma kwana a bakin ruwa ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Masunta na kafa bukka su yi makonni suna kamu suna banda. Manoman rani na kwana kusa da injin ban-ruwa don kada a wayi gari babu shi. Makiyaya na zango inda dabba za ta sha. A 'yan shekarun nan kuma an samu wasu masu kwana a waje ba da son ransu ba, wato mutanen ƙauyukan da harin 'yan bindiga ya kora. Kusan dukkansu akwai waya a aljihu, kuma matsalarsu ɗaya da ta mai yawon shaƙatawa: ina za a kwanta, me za a sha, da me za a yi caji, ta yaya za a ji daga gida.

Me ake sayarwa a sansanin Amurka?

Idan aka cire ado, abin da Ba'amurke ke biya a sansanin bakin tafki bai da yawa. Ana ba shi fili a share. Ana ba shi turken lantarki mai soket na amfiya 30 ko 50. Na 30 ɗin kaɗai, a kan bolt 120 da suke amfani da shi, yana ba da wat 3,600, alhali ƙaramin janaretan Tiger da ke ƙofar shagunan caji bai kai wat 1,000 ba. Akwai famfon ruwan sha, akwai wurin juye ruwan dattin motar, akwai banɗaki da wurin wanka, akwai ma'aikacin da ke zagayawa. Sansanonin da ke filayen gwamnatin tarayyarsu ana kama wuri a cikinsu ta shafin Recreation.gov, da yawa tun wata shida kafin ranar zuwa.

Wato abin da yake saye shi ne izini, tsaro, wuri mai kyau, ruwa da wuta. A yammacin Zamfara ba wanda zai haɗa maka su a rasit ɗaya. Wuta da ruwa za ka iya ɗauko su a jaka. Wuri, waya za ta taimaka ka zaɓa. Izini da tsaro kuwa babu manhajar da ke bayar da su, kuma su ne suka fi sauran nauyi.

Ruwan da ke kusa da wanda ke nesa

Yankin Anka, Bukkuyum da Gummi ƙasar gulbi ce. Gulbin Zamfara ya ratsa ta, Gulbin Ka na kudu, sai fadamu da tafkunan da ke cika da damina su ja baya da rani. Babban tafki mafi kusa shi ne na madatsar Bakolori, a kan Gulbin Sakkwato, wajen Maradun da Talata Mafara. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina madatsar, aka kammala a 1978. Tsawon bangonta ya kai kilomita 5.5, tafkin ya mamaye kimanin hekta 8,000, kuma an tsara shi ya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450. An gina shi don noman rani ne ba don 'yan yawon buɗe ido ba, saboda haka abin da za ka tarar a bakinsa gonaki ne da ƙauyukan masunta.

Wanda ya yi kudu ta Daki Takwas da Zuru zai iya fita Yawuri, a saman tafkin Kainji, wanda aka kammala madatsarsa a 1968, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,200. Gandun dajin Kainji na da masaukin baƙi tun da daɗewa, sai dai shi ma dajin 'yan bindiga sun shige shi a shekarun baya-bayan nan. A Kano akwai Tiga, da aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, da otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwa. Wanda abin da yake so kawai shi ne ya kwana ya ji iskar tafki ya ɗauki bidiyo, Tiga ta fi masa Bakolori sauƙi nesa ba kusa ba, ko da yake can ma sai an kira an tabbatar da halin da masauki yake ciki kafin a kama hanya.

Maganar tsaro ita ce ta farko

Ba sai an gaya wa ɗan Bukkuyum halin da ake ciki ba. Garkuwa da mutane, harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauyuka da tare hanya sun zama labarin yau da kullum a wannan yanki, kuma Gwashi na cikin garuruwan da suka sha wannan wahala. A irin wannan hali, kafa tanti a keɓaɓɓen wuri don nishaɗi ganganci ne. Duk abin da ke ƙasa an rubuta shi ne don wanda aiki ya kai shi bakin ruwa, ko wanda zai je inda mutanen gari da jami'an tsaro suka tabbatar masa da lafiya, ya kwana a cikin mutane.

Abin da masu tallan kaya ba sa faɗa shi ne na'ura na iya ƙara haɗari. Fitila mai ƙarfi a bakin tafki ana hango ta daga nesa, domin babu bishiya ko gini a kan ruwa da zai kare ta. Farantin sola da aka shimfiɗa yana sheƙi yana sanar da cewa akwai mai abin hannu a wurin. Bidiyon kai tsaye a TikTok ko Facebook na nuna wa kowa inda kake a daidai lokacin da kake wurin, kuma su ma 'yan bindigar suna kan waɗannan dandamali. Hoto zai jira, a ɗora shi bayan an dawo gida. Saƙonnin banki da ke cikin waya su ma shaida ce a kan mai ita idan ta faɗa hannun da bai dace ba, shi ya sa barin babbar waya a gida a tafi da ƙarama ba ƙauyanci ba ne.

Akwai kuma haɗarin da ke fitowa daga ɗaya ɓangaren. Baƙon da ya iso ƙauye yana ɗaukar hoton hanya, yana duba taswira, ko yana riƙe da oba-oba, abu ne mai sauƙi a ɗauke shi infoma. 'Yan sa-kai da Askarawan Zamfara, waɗanda gwamnatin jihar ta ƙaddamar a watan Janairun 2024, ba su da hanyar sanin niyyarsa idan ba wanda ya gabatar da shi. Jirgi maras matuƙi kuwa a manta da shi gaba ɗaya. Tashinsa na buƙatar izinin hukuma a ko'ina cikin Najeriya, ballantana a jihar da gwamnatin tarayya ta taɓa haramta shawagin jirage a samaniyarta a watan Maris na 2021, bayan sace ɗaliban Jangebe.

Izini yana hannun mutane

Manhajar kama wuri a nan ita ce maigari, sai Sarkin Ruwa idan akwai masunta. Su suka san gaɓar da ke zaizayewa, inda ruwa ke da zurfi, gonar wane ce wannan, da kuma labarin da ya shigo gari jiya da dare. Idan kusa da madatsar ne, akwai hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima da ke kula da ita.

Kada busasshen fili a bakin Bakolori ya ruɗe ka ka ɗauka ba na kowa ba ne. Ƙasar da ruwa ya janye ya bari da rani ita ce mafi daraja a wurin, ana noma ta. Kuma maganar ƙasa a Bakolori tana da tarihi mai ɗaci. Gina madatsar ya tashi dubban mutane daga gidaje da gonakinsu, kuma a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyya, aka kashe mutanen da har yau ake saɓani a kan adadinsu. Jikokinsu ne ke noma a bakin ruwan. Sallama da neman izini a wurinsu ba ƙa'idar banza ba ce.

Inda waya ta fi amfani: zaɓen wuri

Mutane da yawa ba su san cewa GPS ba ya buƙatar data ko layi ba. Wayar na sauraren taurarin ɗan'adam ne kai tsaye, ta lissafa inda take. Abin da ke cin data shi ne hoton taswirar. Saboda haka idan ka sauke taswirar yankin tun kana gari, ɗigon nan shuɗi zai ci gaba da nuna inda kake ko babu sabis ko sanda ɗaya. Google Maps na ba da damar sauke yanki, haka ma Organic Maps da OsmAnd, waɗanda ke amfani da taswirar OpenStreetMap.

Akwai tarko biyu. Na farko, abin da Google Maps ke saukewa bai haɗa da hoton tauraron ɗan'adam ba, kuma a karkara shi ne mai amfani, tunda hanyoyin babur da na ƙafa galibi ba a zana su ba. Dabarar ita ce ka buɗe hoton kana da data, ka matso da shi, ka ɗauki hoton fuskar wayar ka adana. Na biyu, hoton da kake gani na rana ɗaya ne a baya, wataƙila a tsakiyar rani aka ɗauke shi. Inda ya nuna farin yashi yana iya zama tsakiyar gulbi a watan Agusta. Google Earth na da wurin duba tsofaffin hotuna na shekaru daban-daban. Ka gwada na ƙarshen damina da na rani, iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa za ta fito fili, sai ka nemi tudu a bayanta. A ƙasa ma akwai alama: ciyawa da leda da suka maƙale a rassan bishiya suna nuna tsayin da ruwa ya yi.

Cikin busasshen gulbi na da daɗin kwanciya saboda laushin yashi, kuma nan ne wurin da ya fi kowane haɗari. Ruwan da aka yi a nesa na iya isowa cikin dare ba a yi ko yayyafi a kanka ba. A ƙasan madatsa kuma ana iya sakin ruwa. Daminar 2024 ta nuna abin da Gulbin Zamfara ke iyawa: ambaliya ta ci gidaje a Gummi, sannan a watan Satumba kwale-kwale ya kife da gomman manoma da ke hanyar zuwa gona. Rigar ceto ta fi duk wata na'ura da ke cikin jakarka arha idan aka auna da abin da take karewa. Shafin Flood Hub na Google na hasashen cikar koguna har zuwa kwana bakwai gaba, kuma ya haɗa da Najeriya. Yana da kyau a duba shi tare da sanarwar NiMet, a kuma tambayi masunta, waɗanda ke karanta launin ruwa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Sanyin asuba a bakin ruwa cikin hunturu ba wasa ba ne, a tafi da bargo.

Lissafin wuta

A nan ne aka fi cutar masu saye, domin lambar mAh da ke jikin kwali ba ita ce ma'aunin gaskiya ba. Ma'aunin da ke aiki shi ne Wh, wato wat nawa a awa nawa. Ana samunsa ta hanyar ninka mAh da bolt ɗin batir, a raba da 1,000.

Fawa bank mai 20,000mAh, a kan bolt 3.7, yana ɗauke da Wh 74. Batirin waya mai 5,000mAh, irin na yawancin Tecno da Infinix da Redmi na yanzu, kusan Wh 19 ne. A takarda caji huɗu ke nan saura kaɗan. A zahiri wani kaso na tafiya a zafi yayin da ake ɗaga wutar a sake sauke ta, sai ka tashi da caji biyu da rabi zuwa uku. Wanda ya ba ka haka bai cuce ka ba. Wanda ya cuce ka shi ne ɗan ƙaramin da aka rubuta wa 50,000mAh amma bai fi sabulun wanka nauyi ba. Na gaskiya mai 20,000mAh yana kaiwa giram 350 zuwa 450. Nauyi kaɗai ba hujja ba ne, don akwai jabun da ake cusa wa abu ya yi nauyi, amma rashin nauyi hujja ce.

Sai fawa bank mai ɗan gilashin sola a baya. Wannan gilashi wat ɗaya ko biyu yake bayarwa, zai yi kwanaki a rana bai cika ba, kuma ajiye batirin litiyam a ranar Zamfara hanya ce ta kashe shi, ko ma ya kumbura. Abin da ke aiki shi ne farantin sola mai naɗewa, da doguwar waya, farantin a rana, batirin a inuwa. Faranti mai wat 20, idan ya samu awa biyar na rana mai ƙarfi, lissafi zai ce Wh 100, amma a sa rai da 60 zuwa 70. Ƙurar hunturu na rage wannan, a sama da kuma a kan gilashin, don haka a riƙa goge shi, a kuma juya shi ya bi rana sau biyu ko uku a yini.

Yanzu a haɗa buƙata. Waya biyu, Wh 40 zuwa 45 a rana. Ƙwan LED mai wat 3 na awa biyar, Wh 15. Jimla kusan 60, daidai ƙarfin farantin wat 20. Da zarar an ƙara fanka mai wat 10 ta kwana tana juyawa awa takwas, an ƙara Wh 80, lissafin ya rushe. Daga nan sai akwatin wuta mai Wh 300 zuwa 500 da faranti mai wat 100. Idan za a sayi irin wannan akwati, wanda batirinsa LiFePO4 ne ya fi jure zafi da yawan caji.

Janareta na magance caji, ya kawo matsala biyu. Ƙararsa na tafiya nesa a kan ruwa cikin dare. Hayaƙinsa kuma na ɗauke da iskar gubar nan maras wari da ke kashe mutane cikin barci. Haka gawayin da ake shiga da shi tanti don jin ɗumi. Tantin zamani da aka zuge zif ɗinsa ba bukkar kara ba ce da iska ke ratsawa.

Sabis

A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a duk faɗin Zamfara. An ce mako biyu, amma a wurare da dama abin ya ɗauki watanni. Wanda ya ga wannan lokaci ya san cewa shirin da ya dogara kacokan a kan sabis ba shiri ba ne. Ko babu umarnin gwamnati, ƙarfen sabis a karkara da man dizal da batir yake aiki, kuma yakan mutu.

Wasu dabaru na taimakawa. A riƙe layi biyu na kamfani daban, tunda inda MTN ya ɓace Airtel ko Glo na iya kamawa. Idan sabis na rawa, a shiga saitin waya a tilasta mata ta tsaya a 2G, domin yakan kai inda 4G bai kai ba, kuma saƙon tes na wucewa a sabis ɗin da ba zai riƙe kira ba. Hawa tudu ko matsawa bakin buɗaɗɗen ruwa kan ƙara sanda ɗaya. Wayar da ke ta laluben sabis tana shanye batir, saboda haka a sa ta a yanayin jirgi, a riƙa buɗewa a lokutan da aka yi alkawari da gida, misali bayan asuba da bayan magariba. Wannan alkawari ya fi kowace manhaja amfani. Idan lokaci ya wuce ba a ji ka ba, mutum ɗaya da ka amince da shi ya san inda kake da wanda zai kira. Ka tura masa lambobin wurin daga taswira ta tes, shi kaɗai, ba a zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu ba. Lambar gaggawa ta 112 ita ma sai da sabis take shiga.

Starlink ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, kuma ba ya buƙatar ƙarfen sabis. Ƙaramin samfurinsa, Starlink Mini, na cin wat 25 zuwa 40, wato awa huɗu kaɗai za su cinye Wh 100 zuwa 160, fiye da fawa bank guda cike. Ga tsada, ga jan ido. Ga ma'aikatan lafiya ko na aikin gona da ke da masauki mai tsaro yana da ma'ana. Ga mai tanti ɗaya, rediyon FM da ke cikin ƙaramar waya, wanda wayar iyafis ke zame masa eriya, ya fi dacewa da aljihunsa da lafiyarsa.

Ruwa a gabanka, amma ba na sha ba

Hanya mafi tabbas ta kashe ƙwayoyin cuta ita ce tafasawa, ruwan ya yi minti ɗaya yana tafarfasa. Sai sinadarin kulorin, irin WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs, a bar shi rabin awa kafin a sha, kuma a fara tace ruwan idan ya yi gurɓi. Matatun zamani irin su Sawyer Mini da LifeStraw, masu ƙofofin maikuron 0.1 zuwa 0.2, suna tare bakteriya irin mai kawo kwalara, amma bairos na iya wucewa.

A Anka da Bukkuyum akwai abin da ya wuce ƙwayoyin cuta. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinare, irin su Dareta, Abare da Bagega a Anka, da Yargalma a Bukkuyum. Yara aƙalla 400 suka rasu. Gubar na cikin ƙurar dutsen da ƙasar da aka yi aikin a kai, kuma kududdufan da aka wanke dutse a ciki na riƙe ta. Tafasa ruwa ba ya cire dalma. Kulorin ba ya cire ta. Ƙananan matatun can ma ba don ita aka yi su ba. Inda aka ga alamar an niƙa ko an wanke dutse, ba a sha, ba a girki, ba a shimfiɗa tabarma.

A nan ya kamata a yi maganar ɗan alƙalamin nan mai lambobi da ake tallatawa a matsayin ma'aunin tsaftar ruwa, wanda ake kira TDS. Abin da yake aunawa shi ne yawan gishiri da ma'adinan da suka narke. Ba ya ganin ƙwayar cuta ko ɗaya. Dalma kuwa, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a ruwan sha ita ce miligiram 0.01 a lita, alhali alƙalamin daga miligiram ɗaya yake fara ƙirga. Ruwa zai iya ninka iyakar sau hamsin, alƙalamin bai motsa ba. Jarkar lita 25 da aka ciko daga burtsatsen da aka yarda da shi ta fi shi.

Wanka ma da sharaɗi. Tsargiya, mai sa fitsarin jini, daga katantanwar ruwa take fitowa ta shiga ta fata, kuma ta fi son ruwa kwantacce mai ciyawa irin na bakin tafki da magudanan ban-ruwa. Ruwan da aka ɗiba aka ajiye kwana biyu, ko aka dafa, ba ya ɗauke da ita. Wanda ya ga jini a fitsari bayan ya dawo ya je asibiti, akwai maganinta, praziquantel. Bayan gida kuwa a yi nesa da ruwa da kamar taku 70, a tona rami a rufe, domin wasu na ɗibar ruwan nan a ƙasa.

Tanti ko mota

Motar gida irin ta Amurka ba za ta yi nisa a hanyar Gwashi ba, ko da an samu mai ita. Abin da ya yi kama da ita a nan shi ne Sienna ko Sharon ko Hiace da aka kwantar wa kujeru aka jefa katifa. Amfaninta shi ne ta ɗaga ka daga ƙasa, inda kububuwa da kunama suke, kuma za ka iya tashi ka bar wurin cikin minti ɗaya idan ka faka ta tana kallon hanyar fita. Illarta ita ce ana ganinta, kuma lakar fadama da ta bushe a sama tana iya zama danƙo a ƙasa ta riƙe taya. Kada a kwana da inji a kunne don sanyin AC, hayaƙin salansa na iya dawowa ciki. Kada kuma a kwana ana caji daga batirin motar, a wayi gari ta ƙi tashi inda babu mai turawa. A sauke gilashi kaɗan a rufe ƙofar iskar da gidan sauro.

Ga mai tanti, abin dubawa biyu ne: ragar sauro mai kyau, da ƙasa mai ɗinki da ta haɗe da bango. Tamfol da gidan sauro mai magani, irin shirin masunta, sun fi tanti mai arha maras tagogi, wanda ke zama tanda da hantsi. A zazzage takalmi kafin a sa da safe. Wayar kuma a sa ta a jakar roba mai zif idan za a shiga jirgi. Alamar IP67 na nufin ta jure zurfin mita ɗaya na minti 30 a gwajin masana'anta, lokacin tana sabuwa. Wadda aka taɓa buɗewa a wurin mai gyara ta riga ta rasa wannan kariya.

Kafin a kai ko'ina, a gwada kayan a tsakar gida. A kafa tantin da la'asar, a kashe wutar ɗaki, a sa waya a yanayin jirgi a ga ko taswirar da aka sauke na buɗewa, a kwana a kan fawa bank da fitilar da aka saya. Da safe a rubuta kashi nawa ya rage, a shimfiɗa farantin sola, a duba ƙarfe nawa ya mayar da abin da aka ci. Idan la'asar ta yi bai cike gurbin ba, ko dai farantin ya yi ƙarami ko fankar ce za ta zauna a gida.